Degel: Tarihin Ƙauyen da Ya Reni Jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Haƙƙin Gadonsa a Kanmu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Degel, ƙaramin ƙauyen da ke ƙasar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato a yau, tun daga saukar dangin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikinsa har zuwa hijirar da aka yi daga gare shi a shekarar 1218H/1804M. An dogara ga rubuce-rubucen waɗanda suka rayu a ƙauyen da kansu, wato Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello da Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Maƙalar ta nuna cewa shekaru talatin na karantarwa da tarbiyya da aka yi a Degel da kewayensa su ne tushen duk abin da ya biyo baya na jihadi da kafa daula, sa'an nan ta tattauna matsayin shari'a game da kiyaye irin waɗannan wurare, tsakanin masu wuce iyaka wajen girmama su da masu sakaci da su.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya karanci tarihin malaman Musulunci ya san cewa da yawa daga cikin manyansu 'yan ƙauye ne, kuma da sunan ƙauyukan nasu duniya ta san su. Imamun Nawawi daga Nawa yake, wani ƙaramin gari a yankin Haurana na ƙasar Sham. Imamuɗ Ɗahawi an jingina shi ga Ɗaha, ƙauye a kudancin Masar. Imamul Bukhari kuwa a ƙauyen Khartank kusa da Samarƙandi ya cika, a can kuma kabarinsa yake. Saboda haka malaman da suka gabata ba su raina ƙauye a rubutunsu ba. Yaƙutul Hamawi, a cikin Mu'ujamul Buldani, yakan kawo sunan ɗan ƙaramin wuri ya daidaita lafazinsa, ya faɗi inda yake, ya ambaci malaman da suka fito daga cikinsa.

A ƙasarmu al'amarin ya ɗan bambanta. Idan aka zo tarihin jihadin ƙarni na 19, abin da ya fi zama a kan ɗalibi shi ne sunayen yaƙoƙi da manyan birane: Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa, Alwasa, Alƙalawa, Sakkwato, Gwandu. Na sha tambayar ɗalibaina a aji inda Shehu ya fi daɗewa a rayuwarsa, mafi yawansu su ce Sakkwato, alhali zamansa a birnin Sakkwato bai wuce shekara biyu ba, daga 1815 zuwa rasuwarsa a 1817. Tsakanin yaƙin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa shekara huɗu ce da 'yan watanni. Tsakanin fara wa'azinsa da hijira kuwa shekara talatin ce cur, kuma cibiyar waɗannan shekaru ita ce Degel. Hausawa na cewa tushiya masomin dawa. Manufar wannan maƙala ita ce komawa ga wannan tushiya.

2.0 Madogaran Tarihin Degel

Degel ya yi sa'ar da ƙauyuka kaɗan ne suka samu irinta a ƙasar Hausa, domin mazauna cikinsa marubuta ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da shi da Shehu suka yi karatu a wurinsu da littattafan da suka karanta, ya kuma rubuta Tazyinul Waraƙati a 1228H/1813M, inda ya tara waƙoƙinsa ya bayyana dalilin yin kowace, littafin ya zama tarihin da'awar tun daga farkonta. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1227H/1812M, a ciki ya siffanta majalisin mahaifinsa siffantawar wanda ya zauna a cikinsa tun yana yaro. Waziri Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinani, ya ambaci karamomin Shehu da sunayen maƙwabtansa da almajiransa da masu yi masa hidima. Nana Asma'u kuma ta bibiyi zangunan tafiyar Shehu a waƙarta ta Fulatanci, wadda ɗan'uwanta Isa ya mayar Hausa aka san ta da Waƙar Gewaye.

A ƙarni na 20 Wazirin Sakkwato Junaidu, Allah Ya jiƙansa, ya tattara waɗannan labarai ya haɗa da abin da ya gada a baka. Daga gare shi manazarta irin su Murray Last, mai littafin tarihin Daular Sakkwato na 1967, da Jean Boyd, mai littafin tarihin Nana Asma'u na 1989, suka sha. Abin lura shi ne waɗannan madogara na asali duk daga ɓangaren jama'ar Shehu suke, don haka mai nazari yana buƙatar ya riƙa tuna haka idan ya zo ga abin da suka faɗa a kan sarakunan Gobir.

3.0 Wurin da Asalin Zama a Cikinsa

Degel yana arewa da birnin Sakkwato, kusa da Cimmola. A ƙarni na 18 wannan yanki yana ƙarƙashin Gobir, amma a gefenta na yamma, nesa da fadar Alƙalawa wadda Gobirawa suka kafa a bakin gulbin Rima bayan sun rinjayi Zamfara a tsakiyar wannan ƙarni. Ta arewa yana fuskantar Ƙonni da Adar, ta kudu maso yamma kuma ƙasar Kabi. Wuri ne da manomi da makiyayi da Buzu mai raƙumi ke haɗuwa, kuma wannan ya yi tasiri a irin jama'ar da ta taru a can daga baya.

Dangin Shehu Toronkawa ne, zuriyyar Musa Jakollo, wanda ya jagoranci ƙaurarsu daga Futa Toro suka sauka a ƙasar Ƙonni. Bayan zamani mai tsawo a can, wani reshe nasu ya koma Maratta, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yau. A Maratta aka haifi Shehu a ƙarshen watan Safar na 1168H, daidai da Disamba 1754M. Yana ƙarami mahaifinsa Malam Muhammadu, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, wato malami masanin fiƙihu a Fulatanci, ya tashi da iyalinsa zuwa Degel. A nan ya zauna yana karantarwa har ya rasu, a nan kuma aka rufe shi.

Zaman malamai a karkara tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. 'Yandoto ta ƙasar Katsina ta dā ta shahara da malamai, haka Kulumbardo ta ƙasar Barno, wadda Bello ya ambata a Infaƙul Maisuri. Malamin da ya zauna a birni kusa da fada yana samun kyauta da alfarma, amma harshensa yakan yi nauyi wajen faɗin gaskiya. Wanda ya zauna a ƙauye yana ci daga gonarsa da dabbobinsa yakan rasa alfarmar, ya tsira da 'yancin fatawa. Ruwaya ta shahara a Sakkwato cewa Shehu yakan tufka igiya da hannunsa a sayar ya ci daga kuɗinta. Wannan wadatar zuci ita ce jarin da Degel ya shiga da shi mu'amala da sarakuna.

4.0 Karatu da Wa'azi

Shehu ya karanci Alƙur'ani a wurin mahaifinsa. Daga nan ya bi malamai, akasarinsu 'yan'uwansa na jini da ke warwatse a ƙauyuka da rugage. Ya karanci nahawu a wurin Abdurrahmani ɗan Hammada. Ya zauna kimanin shekara biyu da Usmanu Binduri, ya karanci Mukhtasar na Khalil a wurinsa, ya kuma ɗauki ɗabi'arsa ta horo da kyakkyawa da hani da mummuna. Ya karanci Sahihul Bukhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Ya lazimci Malam Jibrilu ɗan Umaru kimanin shekara guda, ya bi shi har Agadas, da malamin ya nufi hajji sai Shehu ya komo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Duk da girman Jibrilu a idonsa, Shehu ya saɓa masa a rubuce a kan kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, ya tsaya a kan mazhabar Ahlus Sunna cewa saɓo ba ya fitar da mutum daga addini matuƙar bai halatta shi ba. Almajiri ya gyara wa malaminsa cikin ladabi, malamin bai zube a idonsa ba: wannan na daga cikin abin da aka koya a Degel.

Malam Abdullahi ya faɗa cewa yana da shekara goma sha uku mahaifinsu ya miƙa shi ga Shehu. Jerin abin da ya karanta a hannun yayansa ya ishe mu sanin manhajar wannan ƙauye: Ishiriniya da Witiriya a begen Annabi (SAW), waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya shida a lugga, littattafan Sanusi a tauhidi, Ajurumiya da Mulha da Ƙaɗrun Nada a nahawu, Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu, sa'an nan tafsiri da hadisi da tasawwufi. Wanda ya fita daga wannan makaranta shi ne daga baya ya rubuta Liya'ut Tawili a tafsiri da Albaharul Muhiɗi a nahawu. Ana karatun ne a zaure da inuwar itace, da tawada da alƙalamin kara, ana kwafar littafi da hannu.

A shekarar 1188H/1774M, yana ɗan shekara ashirin, Shehu ya fara kiran mutane a Degel, a shekarar ce kuma ya yi ƙasidarsa ta daliyya ta begen Manzon Allah (SAW). Daga Degel ya riƙa fita rangadin wa'azi yana dawowa. Ya shiga Kabi, ya kai har Illo a ƙetaren kogin Kwara, ya je Zoma, ya zauna a Zamfara kimanin shekara biyar, sa'an nan ya komo Degel a farkon shekarun 1790 ya tabbata a can har hijira. A wannan zango na ƙarshe ya rubuta Ihya'us Sunna, a nan kuma, yana ɗan shekara arba'in da 'yan watanni, ya ga mafarkin da ya ba da labarinsa a littafin wurudinsa, inda aka ɗaura masa takobin gaskiya a gaban Annabi (SAW) da Shehu Abdulƙadiri Jilani.

Bello ya bar mana hoton majalisin. Ya ce mahaifinsa kafin ya fito ga jama'a yakan tsaya shi kaɗai ɗan lokaci, da ya tambaye shi dalili sai ya gaya masa yana sabunta niyya ne, yana roƙon Allah ikhlasi da fahimtar da masu saurare. Yakan fito da sakin fuska, ya yi sallama, ya yi magana da harshen da mutanen ke ji. Wa'azinsa na gama-gari a kan farillan ainihi yake: tauhidi, tsarki, salla, azumi, zakka, hukunce-hukuncen aure da ciniki, da gyaran zuciya daga girman kai da hassada da riya. Almajirai kuma suna da nasu darasin mai zurfi a tafsiri da hadisi da fiƙihu. Littafi da Larabci ake rubuta shi don malamai, waƙa kuma da Fulatanci da Hausa don makiyayi da manomi da matan gida.

Akwai wata fitina da Shehu ya yaƙa a wannan zamani wadda ta cancanci a tsaya a kanta. Wasu ɗaliban ilmin tauhidi sun riƙa titsiye talakawa da tambayoyin ilmul kalami, wanda ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa ba a aurensa. Bello ya ambata cewa Shehu ya rubuta littattafai fiye da hamsin wajen rushe wannan ra'ayi, yana tabbatar da cewa wanda ya furta shahada ya bayyana ayyukan Musulunci ana hukunta shi da Musulunci, zukata kuwa Allah Ya bar wa kansa saninsu. Wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa talakawa suka ga Degel wurin gudu ne gare su.

Jama'ar da ta taru ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Akwai amininsa Umaru Alkammu da danginsa Toronkawa, akwai Abdussalami Ba'are, akwai Malam Agali daga Buzaye, akwai Yaƙubu Bagere wanda ya zo daga ƙasar Bauci ya daɗe yana karatu kuma daga baya ya kafa masarautar Bauci, akwai Buba Yero da ya kafa ta Gwambe, da Malam Musa da ya karɓi tutar Zazzau. Lokacin da aka zo raba tutoci, akasarin waɗanda aka ba mutane ne da Shehu ya riga ya san karatunsu da halinsu.

5.0 Mata a Makarantar Degel

Tun a rangadin Zamfara wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko da waƙa yana sukar halartar mata majalisin Shehu. Shehu ya umurci Abdullahi ya mayar masa da amsa, amsar tana nan a Tazyinul Waraƙati. Hujjarta ita ce barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi muni a kan fitowarsu neman sani cikin sutura a wurin da aka keɓe musu, kuma ƙa'ida ce a ɗauki mafi sauƙin cutarwa biyu. A Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da ke koyar da almajirai safe da yamma su bar matansu da 'ya'yansu mata ba su san ko hukuncin alwala ba, ya kuma gargaɗi mata kada a ruɗe su da cewa biyayya ga miji ita kaɗai ce hanyar tsira ba tare da biyayya ga Allah da Manzonsa ba.

A wannan gida aka haifi Nana Asma'u a 1208H/1793M. Tana da kimanin shekara goma aka yi hijira, ke nan karatunta na farko a Degel ta yi shi, a hannun matan gidan da mahaifinta da 'yan'uwanta. Tsarin 'Yantaru da ta kafa daga baya a zamanin Bello, inda jajoji ke ɗaukar karatu a waƙe su kai wa matan ƙauyuka, ci gaba ne na abin da ta buɗi ido ta gani.

6.0 Degel da Fadar Gobir

Malam Abdullahi ya bayyana cewa a farkon al'amari Shehu ba ya zuwa wurin sarakuna kuma ba ya hulɗa da su, sai da jama'arsa ta yawaita ya ga babu makawa. Haɗuwar da ta fi shahara ita ce ta Magami, a wajajen 1788M, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a idin babbar salla ya yi musu kyauta. Giɗaɗo ya ruwaito cewa an ba Shehu miskali 500 na zinariya, ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinsu: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Biyu daga cikin buƙatun nan biyar ba su keɓanta da jama'ar Shehu ba, haƙƙin talakan Gobir ne ko wane ne shi.

Wannan yarjejeniya ta ba Degel wani matsayi na musamman. Ya zama ƙauye a cikin Gobir wanda ke da nasa limami da masu hukunci, da alamar da ake gane mutanensa da ita, wato rawani ga maza da lulluɓi ga mata, ga kuma mutane na ta ƙaurowa zuwa gare shi. Babu sarautar da za ta zuba ido ga haka har abada, musamman Gobir da ke cikin yaƙe-yaƙe tana buƙatar haraji da mayaƙa. A ɗaya ɓangaren kuma jama'ar ta fara jin ƙarfinta, har Abdullahi ya ambata cewa Shehu ya soma kwaɗaitar da su tanadin makami yana cewa sunna ne.

A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka yi shela a kasuwa da dokoki uku: kada wani ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma ga addinin iyayensa, kuma kada namiji ya naɗa rawani ko mace ta yi lulluɓi. Dokokin sun kauce wa jikin Shehu, suka nufi abin da ya mayar da Degel jama'a, wato almajiran da ke yaɗa karatun, da sababbin shiga, da alamar da ta haɗa su. Da Yunfa ya gaji mahaifinsa Nafata al'amari ya ƙara tsananta. A 1217H/1803M Shehu ya rubuta Masa'ilu Muhimma, inda ya tattauna wajibcin hijira daga ƙasar da aka hana bayyana addini da wajibcin naɗa shugaba. Ke nan hukuncin ya riga aikin, an rubuta shi a Degel shekara guda kafin a tashi.

Abin da ya kawo ƙarshen zaman shi ne al'amarin Gimbana. Abdussalami ya riga ya ƙaura da mutanensa zuwa can saboda tsoron Gobirawa. Rundunar Yunfa ta auka musu a watan Ramalana, ta kashe na kashewa ta kama na kamawa, ta biyo da kamammun ta kusa da Degel, mutanen Degel suka tare ta suka kwance 'yan'uwansu. Yunfa ya aiko wa Shehu ya fita daga garin shi da iyalinsa kawai ya bar sauran. Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba, amma zai bar wa sarki ƙasarsa, domin ƙasar Allah yalwatacciya ce.

7.0 Hijira da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Zulƙida na 1218H, daidai da Fabrairu 1804M, jama'a ta tashi daga Degel ta nufi yamma, ta bi ta Kalmalo da Ruwawuri ta sauka a Gudu, a bakin iyakar Gobir. Malam Agali da mutanensa sun taimaka da raƙuma, kuma littattafan Shehu na cikin kayan da aka ɗora musu. A Gudu aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni na shekarar aka yi yaƙin Tabkin Kwatto. Shehu bai sake komawa zama a Degel ba. Ya zauna a Gwandu, ya koma Sifawa, ya ƙare a Sakkwato.

Mutanen da Degel ya rena su ne suka fi biyan farashin yaƙin. A Tsuntsuwa kaɗai, a ƙarshen 1804M, an rasa kimanin mutum dubu biyu, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin ɗari biyu. Da waɗannan suka ragu, waɗanda suka shigo bayan an fara samun nasara suka yawaita, sai Malam Abdullahi ya ga abin da bai gamshe shi ba na son mulki da tara dukiya. A 1807M ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kafin ya komo. Wannan ƙorafi nasa shaida ce daga cikin gida cewa daula tana iya faɗaɗa cikin shekara kaɗan, amma mutanen da za su riƙe ta bisa gaskiya sai an ɗauki shekaru ana renonsu.

8.0 Gadon Degel Tsakanin Wuce Iyaka da Sakaci

Gini na laka da ciyawa ba ya jure damina ɗari biyu idan babu mai yaɓe. Abin da ke riƙe da irin wannan wuri shi ne maƙabartarsa, da sanin dattawan yankin game da inda masallaci yake da inda gidaje suke, da abin da littattafai suka ambata. Duk dattijon da ya rasu ba a rubuta abin da ya sani ba, wani yanki na Degel ya tafi da shi. A nan ne tambayar shari'a ke tasowa, domin mutanenmu sun kasu biyu a kan wuraren tarihi. Wasu na zuwa neman tabarruki har su kai ga shafar kabari da ɗibar ƙasarsa da roƙon mamaci. Wasu kuma, saboda tsoron wannan, suna ganin alheri shi ne a bar wurin ya shafe.

Kowane ɓangare yana da abin da yake riƙe da shi daga magabata. Ibnu Sa'ad ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya sa an sare itaciyar da mutane ke zuwa salla a ƙarƙashinta da sunan ita ce ta Bai'atur Ridwan. Ibnu Waddah ya naƙalto cewa Imamu Malik da wasu malaman Madina ba su so a riƙa zuwa wuraren da ake jingina wa Annabi (SAW) ba, ban da Ƙuba da Uhudu. A ɗaya gefen, Bukhari ya ƙulla babi a kan masallatan da ke hanyar Madina, ya kawo yadda Abdullahi ɗan Umar (RA) ke bibiyar wuraren da Annabi (SAW) ya yi salla, kuma ziyarar maƙabarta don tuna lahira da yi wa mamata addu'a sunna ce tabbatacciya a hadisin Muslim. Malamai irin su Azraƙi a tarihin Makka da Samhudi a tarihin Madina sun ƙayyade wurare da rijiyoyi da gidaje dalla-dalla, ba a kuma ɗauki aikinsu bidi'a ba.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ke fitowa shi ne an yi hani ga mayar da wuri abin bauta ko ƙirƙiro masa ibadar da shari'a ba ta zo da ita ba. Sanin wuri da kiyaye shi don ilmi da wa'aztuwa kuwa yana ƙarƙashin umurnin da Alƙur'ani ya maimaita na tafiya a bayan ƙasa da duban ƙarshen waɗanda suka gabata. Mai Degel da kansa ya raba wannan gardama. Shehu Baƙadire ne mai girmama waliyyai, kuma shi ne a Ihya'us Sunna ya lissafa shafar kaburbura da ɗibar ƙasarsu cikin bidi'o'in da ya wajaba a bari. Wanda ya je Degel ya aikata abin da Shehu ya hana ya saɓa wa mai wurin, wanda kuma ya bar wurin ya ɓace ya hana na baya ganin inda aka koyar da wannan hanin.

Saboda haka wannan maƙala tana ba da shawarwari uku. Na farko, sassan nazarin addinin Musulunci da Larabci da tarihi na jami'o'inmu, tare da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, su ɗauki bayanan dattawan Degel da Cimmola da Gudu da Maratta, a gwama su da abin da ke cikin Raudul Jinani da Infaƙul Maisuri, a fitar da taswirar ƙauyen da ta hanyar hijira. Tunda Maratta da Ƙonni suna Nijar, aikin yana buƙatar haɗin gwiwa da malaman can. Na biyu, a riƙa kai ɗalibai ziyarar ilmi tare da malamin da zai karanta musu tarihin a wurin ya kuma koya musu ladubban ziyara bisa sunna. Na uku, mafi dacewar abin tunawa da za a kafa a ƙauyen da aka san shi da karatu shi ne makaranta mai inganci ta maza da mata, wadda 'ya'yan manoma da makiyayan yankin za su amfana da ita.

9.0 Kammalawa

An ga yadda dangin malamai suka sauka a wani ƙauye na gefen Gobir, yadda nisansa da fada ya ba su 'yancin faɗin gaskiya, da yadda karatu da wa'azi na shekara talatin suka tara jama'a daga ƙabilu dabam-dabam, maza da mata, har sarauta ta ga ba za ta iya zama da ita ba. An ga kuma cewa hukuncin hijira da na shugabanci an rubuta su a Degel kafin a aikata su a Gudu, kuma raguwar mutanen da aka rena a can ita ce farkon abin da Malam Abdullahi ya koka da shi. Masu neman gyaran al'umma a yau, waɗanda hankalinsu ya fi karkata ga birane da kujerun mulki, suna da abin dubawa a nan, haka ma jami'o'in da ke ɗauke da sunayen waɗannan bayin Allah. Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da mahaifansa da jama'arsa, Ya ba mu ikon riƙon amanar abin da suka bari. Allah ne Mafi sani.